Filin Tambaya da Amsa: Sayen Motar Tsere ta Alfarma daga Hannun Wani

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka zo, wato motocin nan masu gudu da tsada waɗanda wani ya riga ya hau. Na zaɓi biyar. Ta farko za ta ci fili fiye da sauran, domin amsarta ta shafe su duka.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tari don in mallaki Porsche 911, yanzu ga biyu a gabana. Ɗaya Carrera S ce ƙirar 2006, mai giyar hannu, kilomita 38,000 kacal ta yi, tana sheƙi kamar yau aka fito da ita, sai dai mai ita ya ce takardun sabis sun ɓace. Ɗayar Carrera ce ƙirar 2010 mai giyar PDK, wato otomatik ɗin Porsche, ta ci kilomita 112,000, akwai ƙananan tabo a gabanta, amma takardunta cikakku ne. Abin mamaki, mai yawan tafiyar ce ta fi tsada. Zuciyata tana kan ta farko. Me ka gani?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Idan yau za ka biya, ta 2010 zan ce ka nufa. Tsadarta ba kuskuren dillali ba ce, kasuwa ta san abin da take yi.

A ido motocin nan biyu 'yan gida ɗaya ne, dukansu 997 ake kiransu, amma injinansu ba ɗaya ba ne. Tun ƙarshen shekarun 1990 da kamfanin Porsche ya koma sanyaya injin 911 da ruwa maimakon iska, har zuwa ƙirar 2008, injin Carrera da Boxster da Cayman yana da wani sanda a cikinsa da ake kira IMS, wanda ke karɓar juyi daga karanshaf ya miƙa wa sarƙoƙin da ke buɗe bawul suna rufewa. A ƙarshen sandan akwai boris. Idan boris ɗin ya watse, lissafin buɗewar bawul ya rikice, fistin ya daki bawul, inji ya tashi aiki nan take. Yawancinsu ba sa watsewa, wannan gaskiya ce, amma wanda nasa ya watse ba gyara zai yi ba, wani inji zai nema. Daga ƙirar 2009 aka zo da sabon inji gaba ɗaya wanda ba shi da wannan sanda, kuma a lokacin ne giyar PDK mai hawa bakwai ta maye gurbin tsohuwar otomatik ɗinsu, Tiptronic. Ta 2010 ɗinka a wannan sabon zubin take.

Ita kuwa ta 2006, IMS ba shi ne babban abin da ke damuna game da ita ba, domin a wannan shekara an riga an ƙara girman boris ɗin, ya rage lalacewa, ko da yake ba ya fita sai an raba injin gida biyu. Abin da nake tsoro shi ne karcewar bangon silinda, cutar da aka san injin Carrera S mai lita 3.8 na wancan zamani da ita. Fistin ne ke goga bango har ya yi masa zane, daga nan inji ya fara shan baƙin mai. Alamunta: wata ƙara ƙas-ƙas-ƙas da ke fitowa daga gefe ɗaya na inji, bakin salansa ɗaya ya fi ɗaya baƙi, mai yana raguwa ba tare da ka ga ɗigo a ƙasa ba. To amma mai son sayarwa zai goge salansa, ya cika mai, ya ɗuma inji kafin ka iso. Hanya ɗaya tak ce ta tabbatarwa: a kwance filogi, a zura ƙaramar kyamara cikin kowace silinda daga cikin shidan, a ga bangon da ido. Kada ka sayi wannan mota ba a yi haka ba, ko da mai ita ɗan'uwanka ne na jini.

Yanzu ƙarancin tafiyar da ya sace maka zuciya. Ka lissafa shekarun da suka wuce tun 2006, ka raba 38,000 da su. Za ka ga motar a ajiye ta yi yawancin rayuwarta, kuma ajiya ba hutu ba ce ga irin waɗannan motoci. Robobin da ke tare mai suna bushewa su tsage. Man birki yana tsotse danshi daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu ko an hau ko ba a hau ba. Fetur yana lalacewa a tanki. Mafi muni, motar da ake tayarwa a zagaya unguwa a dawo, injinta ba ya ɗaukar zafin da zai ƙone ruwa da fetur ɗin da suka gauraya da baƙin mai. Wanda ya san ciwon motarsa yana juyen mai kowace shekara ko da tafiyar ba ta kai ba. Shin mai wannan ya yi? Takarda ce kaɗai za ta faɗa, ita ce kuma aka ce ta ɓace.

Takarda tana ɓacewa, ban musa ba. Amma gareji ba ya ɓacewa. Ka tambaye shi inda yake kai ta sabis, ka je ko ka buga waya da lambar shasi, su duba maka a kwamfutarsu. Idan mutum ya riƙe Porsche shekaru amma ya kasa faɗin sunan gareji ko guda, ka san abin da ke nan.

Akwai kuma shaidar da ba ta ɓacewa, wadda masu saye da yawa ba su san da ita ba. Kwamfutar injin 997 tana rubuta jimillar awannin da inji ya yi yana aiki, tana kuma rubuta duk lokacin da juyinsa ya wuce iyaka, a matakai shida. Mataki na ɗaya da na biyu ba abin tayar da hankali ba ne, direba ne ya taka totur har iyaka. Daga na huɗu zuwa sama kuwa, galibi yana nufin ana cikin gudu direba ya jefa giyar da ba ita ba, tayoyi suka tilasta wa inji juyin da ba a yi shi dominsa ba. A mota mai giyar hannu kamar wadda kake so, wannan bayani ya fi fenti daraja. Awannin kuma suna tona asirin wanda ya taɓa mitar da ke ƙirga kilomita. Misali, idan kwamfuta ta nuna awa 3,000 mita kuma ta nuna kilomita 38,000, ke nan motar ta yi rayuwarta tana tafiyar da ba ta kai kilomita 13 a awa ba. Sai mai ita ya yi maka bayani.

Kada ka ɗauka ta 2010 ta tsira daga bincike. A ɗaga ta sama a duba ƙarƙashinta. A haska fitila cikin ramukan bamba ta gaba, domin lagiretocin 911 a can suke, ganye da ƙasa suna taruwa a kusurwarsu har su ruɓar da su. A duba takarda a ga an canza man PDK a kan lokacinsa. A bi jikinta da na'urar auna kaurin fenti; inda lamba ta yi tsalle ta ninka ta sauran jiki, an yi ciko a wurin. Ƙananan tabon tsakuwa da ka gani a gabanta ni daɗi suka yi mini, alama ce ta fentin asali da tafiyar babbar hanya. Ka ce a bar maka ita ta kwana ba a tayar ba, ka sa hannu a kan inji ka ji sanyinsa kafin a murza makulli, sannan ka saurara. Makaniken da zai yi wannan aiki kai za ka zaɓe shi, kai za ka biya shi, ya kuma zama wanda Porsche ce sana'arsa ta yau da kullum.

Na san dalilin da ya sa zuciyarka ke kan ta farko, kuma ban ga laifinka ba. Carrera S mai giyar hannu mota ce mai daɗin tuƙi ƙwarai, irinta kuma raguwa take yi. Idan kyamara ta nuna bango lafiya, kwamfuta ta ba da shaida mai kyau, aka samo tarihin sabis, sannan bayan ka biya akwai ragowar kuɗin da zai ɗauki babban gyara ba tare da ka taɓa na cefanen iyali ba, saye ta da albarka. Idan ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi, ka bar ta.

TAMBAYA: Malam, ƙanena ya nuna mini hoton Audi R8 a wani gwanjo na Amurka, ya ce ɗan bugu ne kawai a gaba, in sa kuɗi a sayo a gyara, za ta tsaya mana ƙasa da rabin kuɗinta. Ni ce mai kuɗin, shi ne mai ɗoki. In yarda?

AMSA: Hajiya, ki riƙe kuɗinki tukuna. Motocin da ke zuwa manyan gwanjon nan irin Copart da IAA, da yawansu kamfanin inshora ne ya lissafa ya ga gyaransu ya kusa kai darajarsu ko ya wuce, ya biya mai su, aka buga wa takardarsu hatimin da suke kira salvage. Ki tsaya a nan ki yi tunani: mota mai tsada irin R8, wane irin “ɗan bugu” ne zai sa inshora ya haƙura da ita?

Matsalar R8 ta musamman ita ce ƙashin jikinta na alminiyam ne. Ƙarfe idan ya lanƙwashe ana iya ja a miƙe shi. Alminiyam idan aka ja shi yakan tsage, wani lokaci tsagar da ido ba ya gani, kuma waldarsa sai gareji mai kayan aiki da horo na musamman. Motar da aka ƙera don ta wuce kilomita 300 a awa, idan ƙashinta ya karkace ko kaɗan, za ta cinye taya ta gefe ɗaya, ta riƙa fizgar sitiyari, ranar haɗari kuma ba za ta kare na ciki yadda aka tsara ba. Wannan na ƙarshe shi ya fi tsaya mini a rai, domin ƙanenki ne zai zauna a ciki. Haka jakunkunan iska: akwai masu gyaran da ke rufe gurbinsu babu komai a ciki, su kashe fitilar gargaɗi.

Ki karɓi lambar shasi, wadda ake kira VIN. Haruffa da lambobi 17 ne, tsarin da ake bi tun 1981, kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki. Da ita za a sayi rahoton tarihin motar daga Carfax ko AutoCheck, a kuma bincika a intanet, domin hotunan gwanjo sukan daɗe a can, har na gwanjon baya idan an taɓa sayar da ita. Wasu suna sayen mota mai mummunan bugu, su ɗaura mata bamba da bonet, su mayar da ita gwanjo ta fito kamar mai ƙaramin rauni. Idan daga Ingila ce, a duba rukuninta: Cat S na nufin bugun ya taɓa ƙashi, Cat N bai taɓa ba, kuma tarihin gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da suke kira MOT, tare da kilomitan kowace shekara, yana nan kyauta a shafin gwamnatinsu.

Wadda na fi tsoro ma ita ce wadda ba ta da bugu ko kaɗan, wato wadda ambaliya ta ci. Guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 sun nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, wasu kuma an wanke su an sayar a wasu ƙasashe. Na taɓa duba wata mai kyan gani, cikinta na ƙamshi, komai na aiki. Da na ja bel ɗin kujera har ƙarshensa sai ga layin laka a jiki, na ɗaga kafet na tarar da kan wayoyi sun yi kore. Irin wannan mota takan yi wata biyu ko uku lafiya, sannan kwamfutocinta su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba kuma ranar gamawa. Idan kuɗin bai kai na R8 mai tsabtar takarda ba, ku sauko ku nemi ƙaramar mota mai lafiya.

TAMBAYA: Yallaɓai, an yi mini tayin Ferrari 360 Modena a kuɗin da bai wuce na sabuwar motar iyali mai kyau ba. Ina da kuɗin saye. Abokaina na cewa riƙo ne matsala. Da gaske ne, ko hassada ce?

AMSA: Alhaji, abokanka masoyanka ne. Kuɗin motar ne ya sauko, kuɗin kayanta yana nan inda yake tun tana sabuwa, wasu ma sun hau saboda an daina yinsu da yawa. An ƙera 360 daga 1999 zuwa 2005, ke nan ƙaramarsu ma ta manyanta. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, to bari in nuna maka inda wannan ke zuba, ka shiga da saninka.

Injinta bel ɗin roba ne ke juya masa bawul, kuma ana canza shi bisa shekaru, galibi tsakanin uku zuwa biyar, ko motar ta fita ko ba ta fita ba. Idan ya tsinke inji ya tafi. Sa'arka ɗaya, a 360 ana isa gare shi ta wata ƙofa a bayan kujeru. A F355 da ta gabace ta, ta 1994 zuwa 1999, sai an sauke inji gaba ɗaya. F430 da ta biyo baya kuwa sarƙa gare ta, babu wannan hidima. Tambayarka ta farko ga mai sayarwa ita ce yaushe aka canza bel, a ina, ina rasit.

Sai giya. Idan mai giyar F1 ce, wadda ake canzawa da 'yan faranti a bayan sitiyari, ka sani ba otomatik ba ce irin wadda ka saba. Giyar hannu ce mai kuloci ɗaya, na'ura ce ke taka maka shi. Cunkoso, ja da baya a kan tudu, da tafiyar rarrafe suna cinye kulocin da wuri. Kwamfutar gwaji tana faɗin kashi nawa cikin ɗari ya cinye, a karanta maka kafin ciniki. Haka abin yake a Lamborghini Gallardo mai e-gear da R8 ta farko mai R tronic.

Idan ka ɗaga ido zuwa F430 ko wata sabuwa, ka lura da faifan birki na kabon da yumɓu. A Porsche za ka gane shi da maƙallin birki mai launin rawaya. Ba ya tsatsa, ba ya ƙura, yana daɗewa, amma ba a gane ƙarewarsa da kauri kawai. Akan cire shi a auna nauyinsa a gwada da lambar da aka rubuta a jikinsa. Canza huɗun zai iya cin wani babban yanki na kuɗin da ka sayi motar. Tayoyi ma ka duba shekarunsu, ba zanensu kawai ba: lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida robarta ta fara ƙeƙashewa, ban yarda a yi gudu da ita ba ko da zanenta bai taɓu ba.

Kafin duk wannan, ka nemo wanda zai riƙa gyara maka ita, ka tabbatar yana da kwamfutar da ke magana da Ferrari, ka ji kuma tsawon lokacin da kaya ke ɗauka kafin su iso. Ka tambayi kamfanin inshora abin da zai caje ka tun ba ka saya ba. Idan ɗayan biyun nan babu amsa mai gamsarwa, motar ado za ta zama a gareji.

TAMBAYA: Malam, ni mai zuwa aiki kullum nake so, amma mai ƙarfi. BMW M3 mai V8 ko Mercedes C63 AMG?

AMSA: Ɗan'uwa, don hawan kullum C63 zan ɗauka. Injinta mai lita 6.2 yana ba da ƙarfi tun daga ƙasa, ba sai ka matsa masa ba. Na M3, mai lita 4.0 na 2007 zuwa 2013, daɗinsa yana can sama da juyi 8,000 a minti, wurin da ba za ka kai ba a hanyar ofis. Kowacce da lagonta. A M3 mital ɗin sandan fistin ne ke cinyewa, shi ya sa masu lura ke canza shi tun inji bai buga ba, sai kuma na'urorin da ke buɗe totur. A C63 ta shekarun farko, kusoshin da ke ɗaure murfin silinda ne ke karyewa, kafin kamfanin ya sauya ƙirarsu. Alamar ita ce ruwan lagireto yana raguwa ba a ga inda yake bi ba. Ka nemi wadda aka riga aka yi wa wannan aiki da rasit. Dukansu fetur mai oktan 98 suke so (oktan lambar ingancin fetur ce), ko aƙalla 95 a ma'aunin Turai, kuma ƙasa-ƙasa suke. Idan ba ka da tabbacin irin wannan fetur, ko hanyarka mai ramuka ce da tudun rage gudu, ka sake shawara.

TAMBAYA: Mai motar ya ce masu so suna da yawa, in ba da kafin alƙalami yau, kuma bai yarda a kai ta wani gareji a duba ba. Ya zan yi?

AMSA: Ka bar masa abarsa, ɗan'uwa. Wanda ya yarda da motarsa ba ya gudun a ɗaga ta. Idan tsoronsa a fita da ita ne, ka ce ya tuƙa ta da kansa zuwa garejin, ya tsaya a yi komai a gabansa, kai ka biya. In ya amince, kafin alƙalamin ya zama a rubuce, da sharaɗin za a mayar maka idan bincike ya nuna aibin da bai faɗa ba. Kafin sauran kuɗin su bar hannunka, ka gwada lambar shasin da ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takarda, harafi bayan harafi, ka ga sunan da ke takarda shi ne na katin shaidar wanda ke gabanka, ka tabbatar babu bashin banki a kanta, ka kuma karɓi makulli biyu.